Tarihi da Siyasa a Ƙagaggen Labari: Nazarin Littafin So Disdained na Nevil Shute

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da yarda cewa ƙagaggen labari ba ya tsira a sarari, sai a cikin zamani da al'umma. Duk da haka, akan mayar da labaran leƙen asiri da na kasada tamkar abin hira kawai, waɗanda ba su cancanci a tona tushensu ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna kuskuren wannan ra'ayi ta hanyar duba littafin So Disdained na Nevil Shute, wanda kamfanin Cassell ya buga a Landan a 1928, aka kuma fitar da shi a Amurka da sunan The Mysterious Aviator. Littafin ya gina labarin leƙen asiri a kan jirgin sama da matuƙinsa. Za a kawo tarihin marubucin da labarin a taƙaice, sannan a dubi abubuwa uku da suka yi wa littafin jagora: halin da matuƙa jirage suka shiga bayan yaƙi, tsoron Tarayyar Sobiyet, da kallon da Ingila ta yi wa mulkin Fasist na Italiya.

2.0 Marubucin da Labarinsa

Cikakken sunan marubucin shi ne Nevil Shute Norway (1899-1960). Injiniyan jiragen sama ne, ya yi aiki a kamfanin de Havilland, sannan a 1924 ya shiga aikin ƙera ƙaton jirgin balambalan nan mai suna R100 a ƙarƙashin Barnes Wallis. Da daddare yake rubutu bayan ya tashi daga aiki, kuma ya sakaya sunan gidansu don kada abokan aiki su ɗauke shi marar natsuwa. So Disdained shi ne littafinsa na biyu da aka buga, bayan Marazan na 1926.

Mai ba da labarin shi ne Peter Moran, wakilin da ke kula da gandun wani basarake, Lord Arner, a lardin Sussex. Wata rana da dare ana ruwa ya tsinci Maurice Lenden a bakin hanya, wanda suka yi aikin sojan sama tare a lokacin yaƙi. Ashe Lenden ya sauko ne da jirgi ƙirar Breguet bayan ya ɗauki hotunan sansanin jiragen ruwan yaƙi na Portsmouth a asirce, kuma Rashawa ne suka aiko shi. Moran ya ɓoye shi, ya ɓoye jirgin, amma ya faki ido ya lalata gilasan hoton ta hanyar buɗe su ga haske. Daga baya 'yan gurguzu suka sace gilasan suka nufi Italiya da su. Lenden, wanda zuciyarsa ta riga ta juyo gida, ya bi sawunsu ba tare da sanin cewa babu komai a jikinsu ba. Moran ya bi shi a jirgi, ya nemi taimakon 'yan Fasist na wani ƙauye, aka far wa maɓoyar 'yan gurguzun. A nan Lenden ya gamu da ajalinsa.

3.0 Matuƙin da Ƙasa ta Yasar

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1918, rundunar sojan sama ta Birtaniya tana da jirage fiye da 22,000 da mutane kusan 290,000. Cikin shekara biyu aka sallami mafi yawansu. Dubban samari da ba su iya wata sana'a ba sai tuƙi suka wayi gari ba aikin yi. Wasu suka sayi tsofaffin jirage ƙirar Avro 504 suna yawo gari-gari suna ɗaga mutane sama na 'yan mintoci a biya su, kuma yawancin irin waɗannan ƙananan kamfanoni ba su daɗe ba suka durƙushe.

Daga cikin wannan ayari Shute ya ɗauko Lenden. Ya yi yawon ɗaga mutane ya karye, ya bi aikin safiyo a ƙetare ya dawo da zazzaɓin cizon sauro, talauci ya raba shi da matarsa. Saboda haka lokacin da Rashawa suka yi masa tayin albashi mai tsoka, ba aƙida ya bi ba, abinci ya bi. A nan ƙarfin littafin yake. An ɗauko sunansa ne daga wani zance na Sir Walter Raleigh a kan ƙyamar da ake yi wa maciya amanar ƙasa, amma marubucin ya juya tambayar: idan ɗan ƙasa yana da haƙƙin ƙasa a wuyansa, ita ƙasar me take da shi a nata wuyan? Duk tsawon labarin mai karatu ba ya samun sukunin la'antar Lenden, domin an nuna masa hanyar da ta kai shi ga wannan aiki taki-taki.

4.0 Tsoron Tarayyar Sobiyet

Labarin mamayar Ingila tsohon jigo ne. Ya faro tun daga The Battle of Dorking (1871), ya biyo ta The Riddle of the Sands (1903) da The War in the Air (1908) na H. G. Wells. A galibin waɗannan, Jamus ce dodo. Ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da Louis Blériot ya yi a jirgi a 1909, da bama-baman da Jamusawa suka zuba wa Landan daga sama tun 1915, sun tabbatar wa Ingilishi cewa ruwa ya daina zama ganuwa. Abin da Shute ya yi shi ne ya riƙe tsohon tsoron, ya sauya dodon.

Shekarun da aka rubuta littafin su ne na tsamin dangantaka tsakanin Landan da Mosko. A watan Fabrairu na 1924 gwamnatin Leba ta amince da Tarayyar Sobiyet. A ranar 25 ga Oktoba na shekarar, kwana huɗu kafin zaɓe, jaridar Daily Mail ta buga wasiƙar da aka jingina wa Zinoviev, wadda ke zuga 'yan gurguzun Ingila su yi bore. Bincike ya tabbatar daga baya cewa ta jabu ce. A watan Mayu na 1926 aka yi yajin aikin gama-gari na kwana tara. A ranar 12 ga Mayu 1927 'yan sanda suka kutsa ofishin kamfanin cinikin Sobiyet mai suna Arcos a Landan, kuma kafin watan ya ƙare aka yanke hulɗar jakadanci, ba a mayar ba sai 1929. Mai karatu na 1928 bai buƙaci a bayyana masa dalilin da zai sa Rasha ta so hoton Portsmouth ba.

Akwai wurin da marubucin ya dace da gaskiya. Ya nuna baƙin matuƙa, har da Bajamushe, suna aiki wa Rashawa. Yau an san cewa bayan yarjejeniyar Rapallo ta 1922, Jamus ta buɗe makarantar horar da matuƙa a asirce a Lipetsk, daga 1925 zuwa 1933, don kauce wa takunkumin Versailles. Amma akwai inda tsoro ya rufe masa ido. 'Yan gurguzun littafin ba su da fuska, ba su da hujja, kuma ba a ji ta bakin mahaƙan gawayin da rage albashi ya kai su ga yaji ba. Sannan takardun gwamnati da aka buɗe daga baya sun nuna cewa a tsakiyar shekarun 1920 wani ɗan sarauta, William Forbes-Sempill, yana miƙa wa Japan asirin jiragen saman Birtaniya, hukuma ta sani, ba ta kuma gurfanar da shi ba. Wato ɓarakar gaske ta fito ne daga irin gidan da littafin ya ɗauka a matsayin matattarar amana.

5.0 'Yan Fasist a Matsayin Masu Ceto

Abin da ya fi ɗaure wa mai karatu na yau kai shi ne babi-babin ƙarshe, inda 'yan Fasist suka fito a matsayin mutanen kirki masu kishin doka. Wannan ba ra'ayin Shute shi kaɗai ba ne. Mussolini ya hau mulki a watan Oktoba na 1922, kuma masu ra'ayin riƙau da yawa a Ingila sun ɗauke shi garkuwa daga gurguzu. Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya ziyarci Rum a watan Janairu na 1927 ya yaba masa a gaban 'yan jarida.

Sai dai ba za a ce zamani ya wanke marubucin gaba ɗaya ba. An kashe ɗan majalisa Giacomo Matteotti tun a watan Yuni na 1924, kuma zuwa 1926 an haramta jam'iyyun adawa a Italiya. Duk wannan ya fito a jaridu. A daidai lokacin, sojojin Italiya suna murƙushe mutanen Libiya, yaƙin da ya kai ga rataye Umar Mukhtar a 1931. A 1935 kuma suka auka wa Habasha, suka zuba guba daga jiragen sama. Ga mai nazari daga Afirka, wannan shi ne babban giɓin littafin: jirgin sama abin tsoro ne idan ya ratsa samaniyar Portsmouth, amma ba a ko ambaci waɗanda ya riga ya zame wa bala'i ba.

6.0 Zubi da Warware Rikici

Zaɓen Moran a matsayin mai ba da labari yana da ma'ana. Shi bawan ƙasar noma ne da tsohon tsarin sarauta, don haka abin da ya dawo da Lenden kan hanya shi ne tuddan Sussex da matarsa da tsohuwar abota, ba muhawara ba. Haka kuma mutuwarsa a kan gilasan da ba su ɗauke da komai tana da fuska biyu. Ta fuskar fasaha ita ce ƙololuwar littafin, domin ta nuna cewa kimar tuba tana ga niyya. Ta fuskar siyasa kuwa mafita ce mai sauƙi: mutuwar ta kuɓutar da marubucin daga kai tauraronsa gaban alƙali, inda dole a amsa tambayar da ya tayar tun farko.

7.0 Kammalawa

An ga yadda So Disdained ya tsiro daga rashin aikin matuƙa bayan 1918, da rikicin Landan da Mosko na 1924 zuwa 1927, da kyakkyawan zaton da aka yi wa Mussolini. Inda marubucin ya rubuta abin da ya sani da idonsa, wato jirgi da matuƙi da talaucinsa, littafin yana nan da ransa. Inda ya ari ra'ayin jaridun zamaninsa, shekara goma sha biyu kacal ta isa ta ƙaryata shi, domin a 1940 Italiya ta shelanta yaƙi a kan Birtaniya, a 1941 kuma Tarayyar Sobiyet ta zama abokiyar ƙawancenta. Darasin ga manazarci shi ne ya riƙa tambayar kowane labarin kasada: wa aka sa ya zama dodo, wa aka sa ya zama mai ceto, kuma wa aka hana magana?