Bauta a Bakin Shaihu Umar da a Bakin Baba ta Karo

Wannan takarda ta samo asali ne daga littattafai biyu da na kammala karantawa a jere, ina shirin darasin rubutun zube ga ɗalibaina. Na farko ƙagaggen labari ne, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar. Na biyu kuwa tarihin rayuwar Baba ta Karo ne, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Jigon da ya haɗa su shi ne bauta.

Ba na ja da masu yabon zubi da tsarin Shaihu Umar. Malam ne zaune a Rauta yana ba almajiransa labarin kansa, kuma wannan dabara ta riƙe littafin daga farko har ƙarshe. Inda nake da magana shi ne tauraron. An sace shi yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi zuwa Misira, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Ke nan bautar da ta raba shi da gida ita ce ta kai shi ga ɗaukaka, shi kuma bai taɓa yi mata wata fassara ba sai ta ƙaddara. Wahalar duka an ɗora wa mahaifiyarsa, wadda ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta yi ta galabaita har Tarabulus, ta gan shi, ta rasu. A nawa ganin, ita ce ran littafin, amma marubucin bai bar mu mun daɗe tare da ita ba. Ya kamata a tuna cewa sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a dokar Nijeriya ta Arewa. Ɓalewa ya yi rubutu ne iyayengiji da barorinsu suna raye, wataƙila shi ya sa ya taka sannu.

Baba ba ta taka sannu ba, domin ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta faɗi yadda bayi ke noma a rinjin gidansu, da yadda mahara ke kama mutane a je a fanso su da wuri, da yadda rinjin ya watse bayan zuwan Turawa. Ga aure, ga ƙawance, ga bori. Sai dai ɗiyar masu bayi ce, kuma tambayoyin Baturiya ne suka yi wa hirar linzami.

Saboda haka ban yarda a ce ɗaya ƙage ne, ɗaya gaskiya, a tsaya nan ba. A duka biyun, bawan da ya tsufa a gandu yana riƙe da fartanya bai sami bakin magana ba. Da na tambayi ɗalibaina sunan bawa guda ɗaya da suka riƙe daga Shaihu Umar, ajin shiru ya yi.