Kuɗin Takarda da Siffar Labari

An saba fara tarihin ƙagaggen labarin Hausa da gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne matsayin waɗanda suka rubuta su. Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne masu albashi. Suna da fitila da takarda, kuma hukuma ta ɗauke musu nauyin gyara da ɗab'i. Wannan bai rage darajar aikinsu ba. Ya dai nuna cewa ƙofar ta fara buɗewa ne ga wanda cikinsa ke ƙoshe.

Ɗan talaka ya shigo fagen da yawa ne bayan 1986, lokacin da tsarin SAP ya tsawwala farashin takarda, kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Matasa a Kano, cikinsu har da matan aure da ƙananan 'yan kasuwa, suka shiga buga littafi da kuɗin adashi ko na rance. Manazarta sun laƙaba wa aikin suna Adabin Kasuwar Kano, suka soki kurakuran rubutu da jan labari. Sukar tana da tushe, amma ta tsaya a rabin hanya. Labarin da aka yanka gida uku, aka katse kowane kashi a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, sau da yawa aljihu ne ya yanka shi: sai na ɗaya ya sayu a sami kuɗin buga na biyu. Wanda bai iya biyan mai gyara ba, dole kurakuransa su fita kasuwa tare da shi. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun rage raɗaɗin ta hanyar tallata littattafan juna, sai dai taimakon marasa hali ne a tsakaninsu.

Makaɗa sun san wata hanyar, wato ubangida. Narambaɗa ya sami inuwa a fadar Sarkin Gobir na Isa, kuma waƙoƙinsa sun amfana da wannan natsuwa. Amma mai ciyarwa ke zaɓar abin yabo, kamar yadda matashin mawaƙi ke ganewa yau da zarar ɗan siyasa ya biya masa kuɗin situdiyo.

Gasa, har da Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, tana saka wa aikin da aka riga aka kammala. A ganina giɓin yana can baya, a watannin da tela ko ɗan acaba ke buƙata kafin ya kai labarinsa ƙarshe. Ƙaramin tallafi na wata shida, haɗe da edita, wanda aka bayar bisa babi biyu na farko ba tare da sharaɗin jigo ba, zai kai inda kyautar ranar biki ba ta kaiwa.