Kuben adda: ado ko ƙarko?

Jama'a, ku dubi irin kuben da masu koyon dukanci ke kawowa kasuwar Tawa ran Lahadi. Ja wur da karan dafi, ga zane, ga tuntu. Amma fatar akuya ce falle ɗaya, ba ta riƙe adda. Kaifi yana cin zaren ɗinki, wata rana ya sari cinyar mai ita cikin daji, nesa da likita.

Mai koyo, nemi ƙirgi wanda ya sha bagaruwa. Auna shi jikin addar. Wajen kaifi, sa siririn yankin ƙirgi a tsakani kafin ka huda da basilla. Fatar akuya ta hau bisa, don ado.

Mai saye, duba ɗinki tukuna.