Jinjina Ga Masu Zama Kan Tabarma Da Yaranmu

Akwai yaron da zai kai shekara uku bai ce "mama" ba, wani kuma lokacin tafiya ya wuce yana nan yana rarrafe. A gidaje da yawa sai a ce iska ce, a ɓoye shi a ɗaki. Jinjinata a yau ga masu tara irin waɗannan yara da iyayensu wuri guda take, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shiri domin iyayen irin waɗannan yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zaman taro tara, ziyarar gida uku. An gwada shi a Habasha da Kenya. Ba sai likita ba, ma'aikacin jinya da aka horar ma yana jan ragamarsa.

A cikin shirin, malama za ta zauna ƙasa daidai idon yaro, ƙwallo a hannu ɗaya, kofi a ɗayan, ta yi shiru tana jira. Da ya miƙa hannu sai ta kira sunan abin, ta ba shi. Uwa na kallo, gobe ita za ta maimaita lokacin wanka da cin abinci.

Taron kansa ya fi burge ni. Uwar da ta sha gori a gidan miji ta tarar da 'yan'uwanta iyaye masu irin ɗanta, ta daina ɗora wa kanta laifi.

Allah ya saka wa masu wannan aiki da alheri. Iyaye, in kun ga jinkiri, ku kai yaro asibiti yanzu, kada ku jira shekarun makaranta.