«Sai a Can Aka Gane»: Nazari a kan Labaran Kuskuren Likita a Ƙasar Ƙwanni, Malbaza da Illela

Daga cikin labaran da jama'ar gundumomin Ƙwanni, Malbaza da Illela suke bayarwa a wurin zaman makoki, ko a tashar mota, ko a inuwar makaranta lokacin shan iska, akwai wani iri da ya kafu har ya sami ƙira tasa, kamar yadda tatsuniya take da tata. Shi ne labarin majinyacin da likita bai gane ciwonsa ba. Mai ba da shi yakan ce da shi abin ya faru, ko da ɗansa, ko da matar wansa, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma wanda ya saurari goma daga cikin labaran nan zai tarar da su a kan turba ɗaya: an je gidan likita na kusa, an ce zazzaɓin cizon sauro ne, an sha magani ba a ji sauƙi ba, an koma, an ce taifot ce, an sayi wani, an sayar da akuya ko buhun albasa, daga ƙarshe an kama hanya. Rufewar kuwa iri biyu ce. Ko dai a ce «sai a Galmi aka gane», «sai a Sakkwato aka gane», ko kuma a ce «ashe ba ciwon asibiti ba ne», a koma wajen malam ko boka.

Wannan labari ya cancanci a yi masa nazari irin wanda ake yi wa adabin baka, domin yana tarbiyya fiye da allon sanarwa. Daga gare shi uwa take koyon ko za ta kai ɗanta gidan likita a rana ta biyu, ko ta jira sai rana ta goma.

Ƙarfinsa a fili yake. Yana riƙe da abin da rajistar asibiti ba ta rubutawa: kuɗin mota, kwanan da aka yi a kan tabarma, bashin da aka ci, da irin kallon da aka yi wa baƙauye a bakin ƙofa. Yana kuma zana taswirar jinya ta gaskiya a wannan yanki, taswirar da ba ruwanta da iyakar hukuma. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙwanni da Malbaza ta kai Galmi, inda asibitin mishan na SIM yake aiki tun 1950. Daga Ƙwanni kuma ana tsallakawa zuwa Illelar Najeriya, takwarar ta jahar Tawa a suna, a nufi Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Majinyaci ɗaya yana iya bi ta hannun mai tallar magani, da ɗakin shan magani na ƙauye, da asibitin gunduma, da kyamis na hayin iyaka, cikin mako uku, ba tare da wata takarda ta bi shi daga wannan hannu zuwa wancan ba.

Rauninsa kuwa yana wurin rufewa. Labarin yakan ɗauki likitan farko jahili, na ƙarshe gwani, ya manta da cewa tsakaninsu akwai kwanaki, kuma kwanakin nan su ma suna aikin gano cuta. A kwanakin farko, zazzaɓin cizon sauro da taifot da sanƙarau suna iya bayyana da fuska ɗaya: masassara, ciwon kai, kasala, amai. Taifot ba ta cika huda hanji ba sai a mako na biyu ko na uku, kuma a lokacin ne ciki yake sandarewa, abin ya fito sarari ga duk wanda ya ɗora hannu. Likitan fiɗa da ya karɓi yaron a wannan hali ya ga ciwon da ya gama bayyana kansa. Wanda ya gan shi a rana ta biyu ya ga somin-taɓi ne kawai. Wannan bai wanke wanda ya yi sakaci ba, amma ya nuna cewa mai labari yana yabon na ƙarshe da abin da rabinsa aikin lokaci ne.

Haka kuma labarin bai cika tambayar da me likitan farko ya yi aiki ba. Sai a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jinin duk wanda ake zaton yana da zazzaɓin cizon sauro kafin a ba shi magani. Kafin nan, a wurare irin waɗannan, an horar da ma'aikata su ɗauki masassarar yaro a matsayin ta sauro, domin jinkiri yana kisa. Ko yanzu da gwajin gaggawa ya yaɗu, yaron da ke zaune a ƙasar sauro yana iya ɗauke da ƙwayar cutar a jininsa alhali wani ciwo ne dabam ya kwantar da shi. Gwajin taifot da aka fi sani, wanda Bafaranshe Fernand Widal ya fito da shi a 1896, ya shahara da nuna cutar ga wanda ba shi da ita. Ke nan, takarda tana iya fitowa daga ɗakin gwaji da hatimi, a bi ta da gaskiya, a kuma ɓace hanya.

Manyan annoba sun nuna cewa ba ƙaramin ma'aikaci kaɗai wannan tarko yake kamawa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sun yi ta suma da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya ci, har sai da likitocin Médecins Sans Frontières suka bi sawu aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. A 2016, a arewacin jahar Tawa, wajen Cintabaraden, wata masassara ta kama makiyaya, sai da aka aika jini cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar zazzaɓin Rift ne da ake ɗauka daga dabbobi. A Zamfara, mabuɗin yana cikin tambayar abin da ake yi a tsakar gida. A Cintabaraden, cikin tambayar halin da garke yake ciki.

A nan ne littattafai biyu na Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suke da amfani ga mai nazari. Na farko, La construction sociale des maladies (1999), ya bi sunayen cututtuka kamar yadda jama'a suke kiran su, kuma a ciki Aboubacar Souley ya yi babi a kan zahi, sanyi da shawara a wurin Hausawa. Darasin da ake ɗauka shi ne, waɗannan sunaye ba su faɗa daidai kan sunayen littafin likita ba. Shawara tana iya zama ciwon hanta, ko zazzaɓin sauro mai tsanani, ko sikila, har ma akan kira wani ciwo shawara ba tare da ido ya yi rawaya ba. Ga kuma imanin da ya yaɗu cewa allura tana kashe mai shawara, wanda yake sa dangi su ɓoye abin da suke zato, ko su ƙi asibiti ɗungurungum. Majinyaci ya shigo da ciwonsa riga da suna, ma'aikaci ya juya sunan zuwa Faransanci a cikin kansa, kowa ya ɗauka an fahimci juna. Kuskure da yawa a wannan fassara ta shiru ake haifarsa.

Na biyu, Une médecine inhospitalière (2003), ya shiga cibiyoyin lafiya na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, ya bayyana gajeruwar ganawa, da rashin bayani, da bambancin da ake nunawa tsakanin wanda ya san wani a ciki da wanda bai san kowa ba. Littafin ya ba mai labarin baka gaskiya a wuri mai muhimmanci: wulaƙanci yana haifar da kuskure, domin wanda aka daka wa tsawa ba ya ƙarasa bayani. Sai dai littafin na manyan birane ne. Bai ga ma'aikaci guda da ke riƙe da ɗakin shan magani a ƙauyen Illela cikin watan Satumba, layi har bakin hanya, ba. Bai kuma riski abin da ya biyo bayan 2006 ba, lokacin da aka mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, jama'a suka ƙaru, biyan kuɗin gwamnati ya yi ta jinkiri, magani ya riƙa yankewa. Babbar illarsa ga wannan yanki kuwa ita ce harshe: an rubuta shi da Faransanci, waɗanda ya yi magana a kansu ba za su karanta shi ba.

Saura wasan kwaikwayo, wanda shi ne hannun ƙungiyoyin al'adu da makarantu. Al'adar da su Yazi Dogo suka ɗaukaka ta iya yi wa ma'aikacin gwamnati dariya, kuma ta yi amfani. Amma idan aka zo kan jinya, wasannin faɗakarwa sukan tsaya a ɗayan siffofi biyu: likita mai girman kai da ke zuba Faransanci, ko baƙauye mai taurin kai da ya ƙi asibiti har ɗansa ya mutu. Ƴan kallo su yi dariya ko su yi tsaki, su tashi da abin da suka zo da shi. Abin da ba a cika ɗorawa a dandali ba shi ne ganawar kanta, ƴan mintocin nan da komai yake ƙulluwa: uwar da ba ta faɗi cewa ta riga ta ba yaron ƙwayoyi daga mai talla ba, saboda tsoron faɗa, ma'aikacin da bai ce «in kwana biyu bai ji sauƙi ba, ki dawo» ba, saboda yana ganin faɗin haka kamar amsa gazawa ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a ɗakin nan mutum biyu ne suke ɓoyo, kowa da dalilinsa. Marubucin da ya iya nuna dalilan biyu ba tare da ya mayar da ɗayansu dodo ba, ya sami wasan da ya fi na yanzu zurfi.

Malamin makaranta ma yana da rabonsa. Ɗalibin da aka koya wa ba da labarin ciwo a jere, yaushe ya fara, me aka sha, me ya canza, an ba shi darasin insha'i da na tsira a lokaci ɗaya, kuma sau da yawa shi ne zai raka kakarsa gidan likita ya yi mata tafinta. Ƙungiyoyin da ke tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya a Ƙwanni, Malbaza da Illela suna iya tattara waɗannan labarai su ma, da Hausar masu su, ba tare da sunayen mutane ba, sannan a karanta su a gaban ma'aikatan lafiya na gunduma. Sharaɗi ɗaya ne: kada mai tattarawa ya yarda a tsallake zuwa «sai a can aka gane». Ya tsayar da mai labari a ranar farko, ya tambaye shi abin da ya faɗa wa likita, da abin da likita ya tambaye shi.