Tufka da Warwara a Gindin Dutse

A garin Bad Reichenhall da ke kudancin Jamus, dab da iyakar Ostiriya, akwai wani jirgin igiya da yake kai mutane kan dutsen Predigtstuhl tun ranar 1 ga Yuli, 1928. Akwatunansa biyu ne, ɗaya na hawa ɗaya na gangarowa, kowanne da kusurwa goma sha biyu, kowanne yana cin mutum 25. Abin da ya fi jan masu ƙaunar irin waɗannan injuna zuwa wurin shi ne igiyoyin ƙarfen da akwatunan ke tafiya a kansu: su ne dai waɗanda aka ɗaura tun ranar farko, yau ga su sun doshi shekara ɗari.

Wannan daɗewa tana da asali. Wani injiniya ɗan Kudancin Tirol mai suna Luis Zuegg, wanda ya yi aikin kafa igiyoyin dakon kayan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya lura da abin da ya saɓa wa hankalin mutanen zamaninsa. Su suna ganin in an ja igiya ta yi tauri sosai za ta yi saurin tsinkewa, don haka suke barin ta da sanyi-sanyi. Shi kuwa ya gane cewa igiya mai laushi ita ce ke lanƙwasa ƙarƙashin taya a kowane wucewa, lanƙwasar nan kuma ita ce ke karya wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A ɗaure ta tamau, sai ta daɗe, kuma a rage yawan ginshiƙai. Kamfanin Bleichert na birnin Leipzig ya ɗauki dabarar, da ita aka gina na Predigtstuhl.

Jiragen wancan zamani ɗinkin tela ne, kowane dutse da awonsa. Na Aiguille du Midi a Faransa, wanda aka buɗe a 1955, zangonsa na biyu yana tashi daga tsayin mita 2,317 zuwa 3,777 ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakani ba. Na yau kuwa gwanjon masana'anta ne. Rukunin kamfanoni biyu, Doppelmayr da Garaventa a gefe guda, Leitner da Poma a ɗaya gefen, su suka kusan cinye kasuwar, kuma akwatin da ka shiga a wannan ƙasa shi za ka tarar a waccan. Masu begen na da suna yi musu kallon raini. Ni ban bi su can ba, don waɗannan na gwanjon su ne ke kai talakan Medellín da na La Paz wurin aiki kowace safiya, kuma irinsu ne aka kafa a dutsen Obudu na jihar Kuros Riba. Sai dai ko a cikin mafi sabunta daga cikinsu, akwai aiki guda da har gobe hannu ne ke yin sa.

Igiyar da ke jan akwatuna dole ta zama zobe, tana zagaya babban wili a ƙasa da wani a sama. Daga masana'anta kuwa da baki biyu take zuwa, naɗe a jikin ƙaton kwarkwaro. To yaya za a haɗa bakin? Ƙulli ba zai bi ta kan taya ba. Walda tana busar da ƙarfe ya yi ƙas. Ga kuma mariƙin akwati da zai iya damƙar igiyar a ko'ina, don haka kaurin mahaɗar bai kamata ya wuce na sauran jiki ba sai da ɗan kaɗan. A nan ake kiran gwanin saƙa, kuma ba su da yawa a duniya. Daga wannan dutse sai wancan, da akwatin kayan aikinsu.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufka igiyar rama zai gane abin da ido. Igiyar tana da sili shida, kowane sili tarin wayoyi ne a murɗe, dukkansu sun kewaye wani ɓargo na roba ko zare a tsakiya. Ana sauko da bakin biyu ƙasa, a danne su da ƙarfe don kada nauyi ya fizge su, a jera su a kan gadajen katako. Sai a warware kowane baki, a cusa silin wannan tsakanin silin wancan kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa. Daga nan aikin ya zama tufka da warwara na gaskiya, ba na karin magana ba: mutum ɗaya yana zare sili daga gurbinsa yana ja da baya, wani yana bin sa yana kwantar da silin ɗaya bakin a cikin ramin da aka bari. Uku su yi dama, uku su yi hagu, kowanne ya tsaya a nisansa daban, don kada raunin ya taru wuri guda. Silin nan ba zare ba ne, ƙarfe ne mai taurin kai da ke son komawa yadda ya saba, shi ya sa za ka ga mutum goma ko fiye sun jeru suna riƙe da shi, gwanin na ba da murya.

Ƙa'idar Turai ta ce tsawon mahaɗar kada ya gaza kaurin igiyar sau 1,200. Igiya mai kaurin milimita 50 ke nan tana bukatar saƙar mita 60, fiye da rabin filin ƙwallo.

Inda gwaninta take fitowa shi ne wurin ɓoye wutsiyoyi. A wurare shida sili biyu sun yi kiciɓis, wutsiya goma sha biyu ke nan a waje. Gwanin zai miƙar da kowacce, ya naɗe ta da ƙyalle na musamman har kaurinta ya yi daidai da na ɓargo. Sai ya soka wata ƙatuwar basilla ya buɗe cikin igiyar, ya zaro ɓargon ya yanke daidai tsawon wutsiyar, ya tura wutsiyar ta maye gurbinsa. In ta gaza, an bar rami, igiyar za ta lotsa a wurin. In ta yi yawa, za ta kumbura. Ya bi da guduma mai laushin kai yana daddaka wurin har ya koma da'ira, yana awo, yana shafawa da tafin hannu.

Ba gam, ba ƙusa, ba wuta. Idan aka saki igiyar nauyi ya hau ta, silin waje suna matse wutsiyoyin da ke ciki, ƙarin ja ƙarin matsi. A kan wannan matsi mutane ke rataye a sararin sama suna ɗaukar hoto.

Kafin gwanin ya tafi akan shafa fenti a wurin, don masu duba igiya su san inda za su tsananta ido, in ba haka ba sai ta wuce su ba su gani ba. Sabuwar igiya kuma tana miƙewa da aiki. Bayan wani lokaci za ta yi tsawo fiye da yadda na'urar ɗaure ta za ta iya janyewa, sai a sake kiran mutumin, ya zo ya warware abin da ya saƙa, ya yanke 'yan mitoci, ya fara daga farko.