Grace Bumbry da Sunayen da Aka Laƙaba Mata

A al'adar ofera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rera akasarin zantukansa da waƙa, muryar mace ce ke yanke mata matsayi tun kafin ta hau dandamali. Mai siririyar murya, wadda ake kira sofrano, ita ce abar ƙauna, ita ke mutuwa a ƙarshe a yi mata kuka. Mai matsakaiciyar murya mai kauri, wato mezo-sofrano, yawanci rabonta kishiya ne, ko uwa, ko matsafiya. Grace Bumbry ta ƙi tsayawa inda aka ajiye ta, kuma a ganina akasarin abin da masu sharhi suka rubuta a kanta martani ne ga wannan ƙin.

An haife ta a St. Louis ta Amurka a 1937. Tana budurwa ta ci gasar waƙa ta wani gidan rediyo, ladan kuwa gurbin karatu ne a wata makarantar kiɗa ta garin, amma makarantar ta ƙi karɓarta saboda baƙar fata ce. Daga baya ta yi karatu a hannun Lotte Lehmann, fitacciyar mawaƙiyar Jamus, ta kuma fito a babban gidan ofera na Faris a 1960 a matsayin Amneris, gimbiyar Masar mai kishi da Aida.

Shekarar 1961 ce ta ɗaga sunanta. Wieland Wagner, jikan Richard Wagner, ya zaɓe ta ta fito a matsayin Venus cikin Tannhäuser a bikin Bayreuth, inda babu baƙar fatar da ta taɓa waƙa kafin ita. Shekarunta 24. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara, Wieland ya yi kunnen uwar shegu da su. A daren farko an shafe kimanin minti 30 ana tafi, aka kira 'yan wasan gaban labule sau 42. Jaridu suka raɗa mata suna Baƙar Venus.

Wannan kirari ya cancanci a tsaya a kansa, domin yabo ne mai ƙaya a ciki. A wasan, Venus allahiyar sha'awa ce, mai janye jarumi daga tafarkin tsarki, kishiyar Elisabeth mai kamun kai, wadda Victoria de los Ángeles ta rera a shekarar. Ɗora baƙar mace kan gadon sha'awa, a ɗora fara kan tabarmar ibada, bai girgiza tsohon tunanin Turawa game da jikin baƙar mace ba ko kaɗan. Sabuwar riga kawai ya sa masa. Ƙofa ta buɗe, wannan ba abin musu ba ne. Amma laƙabin ya sa aka riƙa kallon Bumbry kafin a saurare ta.

Wanda ya saurara kuwa zai ji abin da ya fi labarin Bayreuth. A faifan Don Carlo na Verdi da Georg Solti ya jagoranta a 1965, ta rera Gimbiya Eboli, kuma a wurin da Eboli ke tsine wa kyawunta muryar na tashi daga ƙasa mai duhu ta haura sama ba tare da an ji gaɓa ba. Waƙar tana taɓa iyakar sofrano, Bumbry kuma tana kai wa can ba da wahala ba.

Shi ya sa nake ganin hayaniyar da ta biyo bayan 1970 ta yi yawa. A shekarar ta rera Salome a Covent Garden ta Landan, a 1971 ta rera Tosca a Metropolitan ta New York, dukkansu matsayin sofrano. Wasu masu sharhi suka ce saman muryar ya yi kaifi, tsakiyarta kuma ta rage maiƙo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ni ma na fi son Eboli da Amneris ɗinta a kan Tosca. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fassara matakin da kwaɗayi, ko rashin sanin ciwon kai. Matar da aka taɓa rufe wa ƙofar makaranta, aka kuma ce mata iyakarta kishiya, tana da dalilin neman wasan da ke ɗauke da sunan jarumarsa. Shirley Verrett, tsararta kuma baƙar fata, ta bi wannan hanya, ta sha irin wannan suka.

Bumbry ba ta yar da matsayin mezo ba, ta riƙa haɗa biyun har ƙarshen aikinta. An karrama ta a Cibiyar Kennedy a 2009. Da ta rasu a Vienna ranar 7 ga Mayu, 2023, tana da shekara 86, ta'aziyyar jaridu da dama da Bayreuth ta fara, sai can ƙasa aka zo kan Eboli da Salome.